Jinya a Cikin Jama'a: Haɗin Gwiwa da Miƙa Ragama ga Masu Gari

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci ma'aikaciyar jinya, watau nas, abin da yakan fara zuwa zukatan mutane shi ne mace sanye da fararen kaya tana kai da kawowa tsakanin gadajen asibiti, tana yin allura, tana ba da magani bisa umurnin likita. Wannan kuwa sashe ɗaya ne kawai na aikin. Akwai wani sashen da ake yi a cikin gari, a zaure da tsakar gida da bakin rijiya da gidan suna. Shi ne ake kira jinyar cikin al'umma.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ginshiƙai biyu da wannan aiki ya dogara a kansu. Na farko shi ne haɗin gwiwa, watau yin aiki tare da waɗanda jama'a ke jin maganarsu. Na biyu shi ne miƙa ragama, watau ba jama'a sani da iko har su iya tsare lafiyarsu ko da nas ba ta kusa. Za a kawo misalai daga Nijeriya da Nijar domin a nuna abin da ake samu idan an riƙe waɗannan ginshiƙai, da kuma abin da ke biyo baya idan an sake su.

2.0 Asalin Aikin

A 1859 wani attajiri na birnin Liverpool a Ingila, mai suna William Rathbone, ya ɗauki nas ɗin da ta yi jinyar matarsa a gida har ta rasu, ya roƙe ta ta riƙa bin gidajen matalauta tana duba marasa lafiya. Da aikin ya bunƙasa sai aka raba birnin gunduma-gunduma, kowace da tata nas. A nan aka fara gane cewa wadda ta shiga gida tana ganin abin da asibiti ba ya gani: irin ruwan da ake sha, da abincin da ake ci, da yawan mutanen da ke kwana a ɗaki ɗaya.

Babban matakin da ya sa duniya ta rungumi wannan ra'ayi shi ne taron Alma-Ata, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka shirya a watan Satumba na 1978, a tsohuwar Tarayyar Sobiyat. Ƙasashe 134 suka halarta. Daga cikin abin da aka zartar har da cewa haƙƙin jama'a ne, kuma nauyi ne a kansu, su sa hannu cikin tsara aikin lafiyarsu da gudanar da shi. An yi burin lafiya ta wadaci kowa kafin shekarar 2000. Burin bai cika ba, amma an sake jaddada manufar a taron Astana na 2018.

A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992, shi ne ya fi tsayawa kan wannan tafarki. A zamaninsa aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 domin gwaji a 1986, aka fito da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, aka kuma ƙarfafa kafa kwamitocin lafiya na ƙauye. A 1992 aka kafa hukumar raya kiwon lafiya matakin farko ta ƙasa.

3.0 Abokan Aikin Nas a Cikin Gari

A asibiti maras lafiya ne baƙo, dokar nas yake bi. A cikin gari kuwa nas ce baƙuwa, kuma ta tarar da masu gida. Akwai mai unguwa da dagaci da liman, waɗanda in ba su yi na'am da abu ba da wuya ya shiga gidaje. Akwai maigida, wanda a wurare da yawa sai da izininsa mace ke fita. Akwai ungozoma da wanzami da mai maganin gargajiya, waɗanda su ake fara nema kafin a tuna da asibiti. Akwai kuma tsofaffin mata, kakanni da surukai, waɗanda ke da ta cewa a kan duk abin da ya shafi ciki da haihuwa da goyo.

Al'adar wankan jego ta isa misali. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura da yawan masu jego a ƙasar Zazzau da ke zuwa da kumburin ƙafafu da haki da tari, alamun gazawar zuciya. Suka danganta abin da wanka da ruwa mai tsananin zafi har kwana arba'in, da kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da yawan shan kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, kamar hawan jini da rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Duk da haka tambayar da ke gaban nas ba ta sake ba: wa za a yi wa magana? Yarinyar da ta yi haihuwar fari, tana gidan iyayenta, kunya ba za ta bar ta ta musa wa uwarta ko kakarta ba. In an yi mata bayani ita kaɗai za ta ce to, a koma gida a ci gaba da abin da aka saba. Nas mai basira tsohuwar take nema, ta gaishe ta, ta saurari dalilinta, sa'an nan su daidaita a kan a sassauta zafin ruwa, a rage kanwa, kuma da zarar an ga kumburi ko haki a garzaya asibiti. Da haka sai tsohuwar da ake zaton za ta zama cikas ta koma ita ce mai sa ido.

Haka al'amarin yake game da naƙuda. Masana sun kasa jinkirin da ke hallaka mata gida uku: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, da jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko duk a wajen asibiti suke faruwa, inda hannun likita bai kai ba. Wannan ne ya sa a wasu jihohin Arewacin Nijeriya aka haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta ƙasa, aka horar da 'yan sa-kai daga cikinsu domin ɗaukar mai naƙuda cikin gaggawa, dare ko rana. A jihar Damagaram ta Nijar kuwa, tun daga 2008 aka fara abin da ake kira makarantar magidanta, inda maza kan zauna da ma'aikatan lafiya su tattauna amfanin awon ciki da haihuwa a asibiti, su kuma kai maganar ga 'yan'uwansu.

4.0 Shirin Garkida: Koyarwa da Labari

Tun kafin taron Alma-Ata, a 1974, aka fara wani shirin lafiya na karkara a Garkida, cikin jihar Adamawa ta yanzu, a ƙarƙashin Ekklesiyar 'Yan'uwa. Masu aiki a asibitin garin sun lura cewa cututtukan da suke warkarwa su ne dai ke sake dawowa, domin tushensu yana can ƙauye. Saboda haka suka juya tsarin. Ƙauyen da ke son shiga shirin shi zai kafa kwamiti, ya zaɓi mutanensa, yawanci namiji da mace, a tura su horo na wata uku. In sun dawo, ƙauyen ne ke lura da aikinsu da ɗan abin da ake ba su.

Abin da ya fi jan hankali shi ne hanyar koyarwar. Maimakon lacca da allo, an yi amfani da labari da waƙa da wasan kwaikwayo. Akan shirya labarin wani gida da abin da ya same su saboda ƙazamin ruwa ko rashin masai, ɗalibai su ji, su maimaita, su kwaikwaya, sa'an nan su koma su faɗa a dandali. Hikimar da ke ciki ita ce labari ba ya bukatar takarda, kuma wanda ya ji shi yana iya ba wani ba tare da malami ba. Sanin da aka zuba cikin labari ya fita daga hannun asibiti ke nan, ya zama na gari.

5.0 Yaƙi da Kurkunu

Babu misalin da ya kai na kurkunu nuna ƙarfin jama'a, domin ciwo ne da ba shi da magani, ba shi da allurar rigakafi. Ana ɗaukarsa ta shan ruwan kududdufi ko tafki mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwari da suka haɗiye 'ya'yan tsutsar. Bayan kimanin shekara guda sai tsutsar, wadda tsawonta kan kai mita ɗaya, ta huda fata, galibi a ƙafa, da zafi kamar ƙunar wuta. Maras lafiya kan tsoma ƙafar a ruwa domin ya ji sanyi, tsutsar kuwa ta zuba dubban 'ya'yanta a ciki, masu ɗiba su kai gida. A wurare da dama lokacin fitowarta kan zo daidai da aikin gona, sai manomi ya kwanta makonni, gona ta cika da ciyawa, yara su daina zuwa makaranta.

A binciken farko na ƙasa baki ɗaya da aka yi a 1988 zuwa 1989, an ƙidaya mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a ƙauyuka kusan 6,000 na Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a lokacin. Babu yawan nas-nas da zai isa ya tsare tafkunan waɗannan ƙauyuka. Dabarar da aka bi ita ce kowane ƙauye ya ba da ɗan sa-kai daga cikinsa. Ma'aikatan lafiya suka koya masa gane ciwon, da wanke gyambon ya ɗaure, da naɗe tsutsar sannu a hankali bisa ɗan tsinke don kada ta tsinke, da rubuta adadin waɗanda suka kamu kowane wata. Shi kuma ya bi gida-gida yana raba ƙyallen tace ruwa, yana nuna wa mata yadda ake ɗaura shi a bakin tulu da yadda ake wanke shi. A wasu garuruwa masu sarauta suka kafa doka cewa mai kurkunu ba ya shiga tafki, wani ne zai ɗebo masa. Gwamnati da Cibiyar Carter da sauran masu taimako suka kawo ƙyallaye da maganin da ake zubawa a tafki, aka kuma haƙa rijiyoyin burtsatse. Daga ƙarshen shekarun 1990 tsohon shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon ya riƙa zagaya ƙauyuka da gidajen gwamnati yana neman goyon baya.

Ba a sami nasara cikin sauƙi ba. Akwai inda mutane suka ƙi yarda cewa ruwan da kakanninsu suka sha shi ne ke kawo ciwon, akwai inda aka hana zuba magani a tafkin da ake girmamawa. Abin da ya fi sauya ra'ayi a irin waɗannan wurare shi ne nuna wa mutane ƙwarin da idonsu cikin ruwan da aka ɗebo a gabansu, da kuma jin maganar daga bakin ɗan gari. Mutum na ƙarshe da ya kamu a Nijeriya an same shi a jihar Enugu a watan Nuwamba na 2008. A watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Nijeriya da Nijar cewa sun rabu da kurkunu. A duniya baki ɗaya, daga kimanin mutum miliyan uku da rabi a 1986, adadin ya sauko zuwa 14 a 2023.

6.0 Uwa a Matsayin Ma'aikaciyar Lafiya ta Farko

Miƙa ragama ya fi bayyana a inda aka danƙa wa uwa abin da a da ake ganin aikin ma'aikaci ne. Alal misali, zawo yana kashe yaro ne ta hanyar ƙarar da ruwan jikinsa. Uwar da ta san haɗa ruwan gishiri da sukari, watau ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, tana iya riƙe ran ɗanta cikin dare kafin gari ya waye a kai shi asibiti. Aikin nas a nan shi ne ta sa uwar ta haɗa da hannunta a gabanta, da cokalin gidanta da kwanon gidanta, domin gishiri in ya yi yawa shi ma illa ne.

Wani misalin ya fito daga gundumar Mirya, kusa da Damagaram. Ana gane tamowa ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59 ta auna kaurin damtsensa da wani ɗan zare mai launi uku. Kore lafiya ne, rawaya gargaɗi, ja kuwa, watau ƙasa da milimita 115, haɗari ne. A da ma'aikata ne kaɗai ke yin awon, su kuwa sai jifa-jifa suke zagayowa. A 2013 zuwa 2014 ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka gwada koya wa iyaye mata, aka bar musu zaren a gida. Sakamakon ya nuna awon nasu bai gaza na ma'aikata ba. Daɗin daɗawa, yaran da iyayensu suka gano sun fi zuwa da wuri, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka kai ga a kwantar da su. Dalilin a fili yake: uwa tana tare da ɗanta kullum. Daga baya ƙasashe da yawa sun ɗauki wannan hanya.

7.0 Darasin Shan Inna

Abin da ya faru da rigakafin shan inna ya nuna ɗaya fuskar. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargin cewa an gurɓata maganin. Zargin bai tabbata ba, amma ya sami gindin zama domin akwai tsohon tabo. Mutane ba su manta da gwajin wani magani da wani kamfanin ƙasar waje ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Suna kuma tambaya, me ya sa ake biyo su har gida da maganin ciwon da ba su cika gani ba, alhali in ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro sai a je asibiti a tarar babu magani? Tambaya ce mai ma'ana, kuma shirin da aka tsaro daga sama bai tanadi amsarta ba. Kafin Kano ta koma rigakafin a watan Yuli na 2004 cutar ta riga ta bazu, daga baya ma ta kai ga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita.

Gyaran ya zo ne ta hanyar komawa ga masu gari. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga aikin. Yaran da cutar ta kama sun ragu daga kusan 800 a 2008 zuwa 388 a 2009, zuwa 21 a 2010. Daga 2012 aka ɗauki dubban mata 'yan sa-kai, kowace a unguwarta, suna shiga gidajen da namiji ba ya shiga, suna halartar suna, suna bin masu ciki da jarirai. Aka kuma riƙa kafa sansanin lafiya inda ake duba sauran cututtuka tare da ɗiga maganin, wanda shi ne amsar waccan tambaya. An ga ƙwayar cutar ta asali karo na ƙarshe a Borno a 2016, aka kuma bayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta, 2020. Ana ci gaba da rigakafi saboda wani nau'in da kan ɓulla a inda yara da yawa ba su samu ba.

8.0 Matsaloli

Ba za a ce hanyar ba ta da ƙaya ba. Da farko, sau da yawa akan kafa kwamitin lafiya a takarda kawai, a kira shi ranar da baƙi za su zo, amma ba shi da ta cewa kan kuɗi ko lokacin buɗe ɗakin shan magani. Na biyu, akan fake da sunan sa-kai a jibga wa talakawa, musamman mata, aikin da ya kamata a biya. Ɗan sa-kai in ba a ziyartarsa, ba a sabunta masa kayan aiki, ba a kuma yaba masa, sai ya gaji ya koma gonarsa. Na uku, shigar da masu sarauta da magidanta ba ya nufin an ji muryar kowa. Matan kulle da makiyaya da naƙasassu da mazauna rugage na nesa sukan zama a bayan fage in ba a neme su da gangan ba.

Na huɗu shi ne harshe. Nas ɗin da aka horar da Turanci tana iya sanin ciwo sarai ta kasa bayyana shi da maganar da tsohuwa za ta kama. Sunan ciwo ma yana ɗauke da fahimtar mutane game da shi. Wanda ya ce shan inna ya riga ya danganta shanyewar ƙafa da iska, don haka ba lalle ne ya ga haɗinsa da ɗigon magani a baki ba. Nas ɗin da ba ta san wannan ba za ta ɗauka taurin kai ne. A nan akwai aiki babba ga masu nazarin harshe da al'ada, na tattara kalmomin cuta da jiki da abin da jama'a ke nufi da su, domin amfanin makarantun jinya.

Na ƙarshe, miƙa ragama ba ya sauke wa hukuma nauyinta. In uwa ta auna damtsen ɗanta ta ga ja, ta yi tafiyar rabin yini ta tarar da asibiti a rufe, da wuya ta sake ɗaukar zaren.

9.0 Kammalawa

An ga yadda jinyar cikin al'umma ta faro daga bin gidajen matalauta a 1859, ta sami amincewar duniya a 1978. An kuma ga cewa a Garkida da ƙauyukan kurkunu da Mirya an ci nasara ne a lokacin da ma'aikaci ya yarda ya raba saninsa da mutanen gari, ya bar musu wani sashe na aikin da ikon da ke tare da shi. Tarihin shan inna kuwa ya nuna tsadar yin biris da tambayar jama'a. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka, bayan ƙidayar allurar da nas ta yi da haihuwar da ta karɓa, ya kamata a riƙa auna aikinta da wata tambaya: in aka sauya mata wurin aiki gobe, me mutanen garin za su iya ci gaba da yi da kansu?